Yadda Ake Zaɓen Kayan Kwamfutar Wasa da Za Ta Karɓi Ƙari Nan Gaba, da Kuɗi Matsakaita

Duk wanda ya taɓa gina gida da kuɗin da ke shigowa kaɗan-kaɗan ya san cewa ɗakin da ake fatan ɗora wa bene wata rana, tun daga haƙar tushe ake yi masa tanadi, ko da kuwa a shekarar farko kwano kawai za a rufa masa. Haka lamarin kwamfutar wasa yake ga wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai mai tsada a rana ɗaya ba. A Garwa da Marwa da Ngaundare da ke arewacin Kamaru, har zuwa Kuseri da Injamena ta Chadi, tambayar da matasa suka fi shiga shago da ita ita ce ko kwamfutar za ta ɗauki wasan ƙwallon bana. Tambayar da ta fi wannan amfani kuwa ita ce: bayan shekara uku, idan wasanni suka ƙara nauyi, wane abu zan iya cirewa in sa sabo ba tare da na zubar da sauran kayan ba?

Kayan kwamfuta iri biyu ne. Akwai masu zama, wato uwar allo, babban allon da sauran kayan ke haɗuwa a kansa, da mazaunin furosesar da ke kanta, da na'urar ba da wuta wadda masu shago a nan ke kira alimantasiyo, da akwatin da ake haɗa komai a ciki. Akwai kuma masu wucewa, wato katin hoto mai zana abin da ake gani a sikirin, da RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki, da SSD, inda ake ajiye wasanni da fayiloli, da ita kanta furosesar, ƙwaƙwalwar kwamfutar, waɗanda ake cire su a sa wasu cikin mintuna kaɗan. Ra'ayina shi ne kada a yi rowa a kan masu zama, a yi haƙuri da matsakaici a kan masu wucewa. Kuma tun da muna zaune inda zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, inda hunturu ke cika ɗaki da ƙura, inda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfin da ba a zata ba, dole ne waɗannan abubuwa uku su shiga lissafi tun farko.

Mataki na farko: wasanninka, sikirinka da kuɗinka

Ka rubuta sunayen wasannin da za ka riƙa yi da gaske. Wanda burinsa eFootball ne da EA Sports FC da GTA V da Valorant, bukatarsa ba ɗaya ba ce da ta wanda ke son sababbin manyan wasanni a kan mafi kyawun hoto. Daga nan ka tsai da shawara a kan sikirin, domin shi ne ke yanke yawan aikin da katin hoto zai yi. Sikirin mai 1920 sau 1080 yana da ɗigon hoto miliyan 2 da 'yan kai, mai 2560 sau 1440 kuwa yana da kusan miliyan 3.7, kuma kowane ɗigo katin ne zai zana shi sau da yawa a daƙiƙa guda. Ga mai kuɗi matsakaita, sikirin mai inci 24 na 1080 da ke sabunta hoto sau 144 ko fiye a daƙiƙa ya wadatar ƙwarai.

Game da kuɗi, mu ɗauki misalin wanda ya ware sefa 600,000 don kwamfutar kaɗai, ban da sikirin da kayan kariyar wuta. Yadda nake ba da shawarar a raba shi, kashi 35 zuwa 40 cikin 100 ya tafi ga katin hoto, kusan kashi 35 ga furosesa da uwar allo da RAM a haɗe, sauran kuma ga alimantasiyo da akwati da fankoki da SSD. Tun da sefa tana ɗaure da yuro, inda yuro ɗaya yake kusan sefa 656, kana iya duba farashin kaya a shagunan Faransa na intanet ka sami ma'auni, sannan ka ɗora kuɗin jigila da kwastan da ribar ɗan kasuwa, ka kuma tuna cewa harajin kayan saye a Kamaru kashi 19.25 ne cikin 100. Da wannan lissafin za ka gane farashin da ya wuce kima, ka kuma gane wanda arharsa ta yi yawan da ya kamata ka yi shakka.

Mataki na biyu: mazauni kafin furosesa

A nan ne ake haƙa tushen, kuma a nan aka fi yin kuskure, saboda mutane suna zaɓen furosesa su manta da mazaunin da za ta zauna a kai. Kowace uwar allo tana da mazauni iri ɗaya tak, kuma furosesar da aka ƙera don wani mazaunin ba ta shiga. Idan kamfani ya daina fitar da sababbin furosesoci don mazauninka, to ranar da kake son ƙari sai ka canza uwar allo, sau da yawa har da RAM.

Kamfanin AMD ya fito da mazaunin AM4 a 2016, ya kuma ci gaba da yi masa furosesoci shekara da shekaru, ta yadda wanda ya sayi uwar allo ta B450 tare da furosesar Ryzen ta AMD ta farko-farko ya iya ɗora mata Ryzen 5 5600 ko Ryzen 7 5800X3D daga baya ba tare da ya taɓa sauran kayan ba. Magajinsa AM5 ya fito a watan Satumba na 2022, yana aiki da RAM na DDR5 kaɗai, kuma a 2024 kamfanin ya ce zai ci gaba da tallafa masa har 2027 ko bayan haka. A ɓangaren Intel, mazaunin LGA1700 ya ɗauki tsara ta 12 da ta 13 da ta 14, daga 2021 zuwa 2023, sannan aka koma LGA1851 a watan Oktoba na 2024. Ma'ana, wanda ya sayi Core i5-12400F a yau ya sayi furosesa mai kyau, mai arha, amma a kan mazaunin da ba za a ƙara yi wa sabuwar tsara ba.

Saboda haka, ga wanda niyyarsa ƙari ce, AM5 nake zaɓa. A kansa Ryzen 5 7600 ta dace da matsakaicin kuɗi: cibiyoyin aiki 6 ne da ita, an auna ta a kan wat 65, tana zuwa da 'yar fankarta a kwali, kuma tana da ƙaramin sashen nuna hoto a cikinta. Wannan sashen ba zai ɗauki manyan wasanni ba, amma amfaninsa a wurinmu babba ne, domin kwamfutar za ta kunnu ka yi aiki da ita kafin kuɗin katin hoto ya cika, kuma ranar da katin ya sami matsala, da shi za ka gane cewa laifin na katin ne. Ryzen 5 7500F ta fi arha amma ba ta da wannan sashen. Ryzen 5 9600X ta 2024 ta ɗan fi ƙarfi, sai a saye ta idan bambancin farashin bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma Ryzen 5 8600G wadda sashen hotonta ya fi ƙarfi har ana iya yin wasanni marasa nauyi da shi, sai dai ma'ajiyarta ta ciki megabait 16 ce, ta 7600 kuwa 32, don haka ranar da ka sa katin hoto na gaske za ta zama ita ce ta baya.

Idan kuɗi ya ƙi, AM4 da Ryzen 5 5600 da DDR4 hanya ce mai mutunci, musamman tun da farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025 saboda yadda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke kwashe shi. Sai dai ka shiga da sanin cewa iyakar ƙarinka ita ce furosesa irin 5700X3D ko 5800X3D, idan ka same ta.

Wata gajeriyar hanya da ake yawan bi ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex da takwarorinta, a cusa mata katin hoto. Da yawa daga cikinsu an ƙera musu uwar allo da alimantasiyo da wayoyi na musamman waɗanda ba sa haɗuwa da kayan kasuwa, akwatinsu kuma matsattse ne. Bugu da ƙari, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa yana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga tsara ta 8 ko Ryzen daga jerin 2000 zuwa sama. Irin wannan kwamfuta tana iya rage zafi na ɗan lokaci, amma ba a ɗora mata bene.

Mataki na uku: uwar allo

A kan AM5, uwar allo mai B650 ko B850 ita ce tsaka-tsaki. Masu A620 sun fi arha, amma da yawansu sashen da ke tace wa furosesa wuta ba shi da ƙarfi, kuma wannan sashen shi ne zai sha wahala ranar da ka ɗora babbar furosesa a ɗakin da ke da zafi. Ka duba kewayen mazaunin da idonka: idan ka ga ƙarafan shan zafi masu kauri sun rufe sama da gefensa, alama ce mai kyau, idan ƙananan na'urorin a tsirara suke, ka wuce. Masu X670 da X870 kuwa kuɗinsu ya fi amfanin da ɗan wasa zai samu.

Abubuwan da za ka tabbatar akwai su ba su da yawa. Ramin M.2 aƙalla biyu, domin ƙarin SSD. Ramin RAM huɗu. Maɓallin sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin uwar allo mai tayar da kwamfuta, ba tare da furosesa ba, wanda ake rubuta BIOS Flashback ko makamancinsa a kwali. Wannan maɓalli yana da muhimmanci domin uwar allo ta B650 da ta daɗe a shago tana iya ƙin gane Ryzen na jerin 9000 sai an sabunta ta, kuma a garuruwanmu ba kowane lokaci ake samun mai tsohuwar furosesa da zai ara maka ba. Girman micro-ATX ya isa kuma ya fi arha. Idan da wayar salula ko ƙaramin akwatin MTN ko Orange kake shiga intanet, ka ɗauki mai Wi-Fi a jiki. Kafin ka biya, ka buɗe murfin mazaunin a gaban mai shago ka duba da hasken waya, domin a AM5 siraran alluran suna jikin uwar allo ne, kuma guda ɗaya da ta lanƙwashe tana iya hana RAM aiki ko ta hana kwamfutar tashi gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: katin hoto

Shi ne ya fi kowane cin kuɗi, shi ne ya fi kowane tasiri a wasa, kuma shi ne ya fi saurin tsufa. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne ramin PCIe da yake shiga ya yarda da sabo da tsoho, don haka katin da za a ƙera nan da shekaru kaɗan zai shiga uwar allonka ta yau.

Bayan ƙarfin katin, ka lura da yawan ma'ajiyar da ke jikinsa. Katuna masu gigabait 8, irin RTX 4060 da RX 7600 da RTX 5060, suna gudanar da wasannin ƙwallo da na gasa lafiya lau a 1080, amma wasu sababbin manyan wasanni suna cika gigabait 8 idan aka ɗaga ingancin hoto, daga nan sai wasan ya fara sarƙewa ko bango da tufafi su fito dishi-dishi. Ba a ƙara wa kati ma'ajiya bayan an saya. Shi ya sa, idan aljihu ya kai, na fi son mai gigabait 12 ko 16. RX 9060 XT mai gigabait 16 ya fito a 2025 a kan dala 349, RTX 5060 Ti mai gigabait 16 a kan dala 429, Intel Arc B580 mai gigabait 12 kuma ya fito a watan Disamba na 2024 a kan dala 249. Waɗannan farashin fitowa ne a Amurka, kafin jigila da haraji. Ka kula, RX 9060 XT da RTX 5060 Ti kowannensu yana da nau'i mai gigabait 8 mai suna iri ɗaya, don haka ka karanta kwalin da kyau. Katin Arc kuma yana bukatar a kunna saitin Resizable BAR a BIOS kafin ya ba da ƙarfinsa.

Yawan wutar da kati ke ci ma abin dubawa ne, domin duk wat ɗin da ya ci zafi ne zai koma a cikin ɗakinka, kuma nauyi ne a kan batirin kariya. RTX 4060 wat 115 yake ci, RTX 5060 Ti wat 180, RX 6700 XT wat 230, RX 7800 XT wat 263. Ga wanda ke amfani da hasken rana ko janareta, wannan bambanci kuɗi ne na kullum.

Katin hannu yana iya zama riba, RTX 3060 mai gigabait 12 da RX 6700 XT misalai ne, amma a nan ne aka fi cutar mutane. Tun da kuɗin intanet na Ethereum ya bar tsarin haƙa, wato samar da shi da katin hoto, a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun bazu a kasuwannin duniya, wasu an wanke su an sake musu kwali. Akwai kuma na jabu, tsofaffin katuna da aka sauya musu suna a ciki su riƙa nuna kansu a matsayin GTX 1050 Ti. Kada ka biya sai an sa katin a kwamfuta a gabanka, ka buɗe manhajar GPU-Z ka gwada abin da ta nuna da abin da ke shafin kamfanin, sannan a kunna manhajar gwaji ta FurMark ko wasa mai nauyi na minti 20 kana kallon zafinsa da juyawar fankokinsa. Ɗigo-ɗigo masu launi, ko layuka, ko sikirin ya ɗauke ya dawo, kowanne ya isa ka ajiye katin. Mai kaya na gaskiya ba ya ƙin gwaji.

Mataki na biyar: RAM da SSD

Sandunan RAM, waɗanda ake kira baret a shago, biyu ake sawa, ba ɗaya ba, domin furosesa tana magana da su ta hanya biyu a lokaci guda. A uwar allo mai rami huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa. A AM5, DDR5 mai gudun 6000 da jinkirin CL30 shi ne ya fi dacewa, kuma sai ka shiga BIOS ka kunna saitin EXPO kafin ya yi wannan gudun. Gigabait 32, wato 16 sau biyu, shi ne abin so. Gigabait 16 yana aiki idan farashi ya matsa. Abin da ya kamata ka sani shi ne DDR5 ba ya son sanduna huɗu, gudunsa yakan ragu, don haka ranar ƙari ya fi kyau ka sayar da biyun ka sayi manyan biyu.

SSD na NVMe, wato wanda ke shiga ramin M.2, mai terabait 1 ya isa farawa. Na PCIe 4.0 yana kaiwa kusan megabait 7,000 a daƙiƙa, na SATA bai wuce 550 ba, na PCIe 5.0 kuwa tsada da zafi kawai zai ƙara maka a wasa. Wasu wasannin sun haura gigabait 100, kuma duk wanda ke sayen data ya san cewa goge wasa don samun wuri, sannan a sake sauke shi, asara ce. Tsohon faifai mai juyawa yana da amfani wajen ajiye kwafin wasanni. Ka duba SSD da manhajar CrystalDiskInfo ka ga awannin da ya yi yana aiki, domin wanda aka ce sabo ne bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba.

Mataki na shida: alimantasiyo da wutar gida

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ba zan yarda a saya na hannu ko marar suna ba, alimantasiyo ne. Shi kaɗai ne idan ya lalace yake iya tafiya da uwar allo da katin hoto da SSD a lokaci guda, kuma shi ne mai kyau yake iya raka ka kwamfuta biyu ko uku. Lissafinsa mai sauƙi ne: Ryzen 5 7600 ba ta wuce wat 88 idan ta ƙure, katin hoto ya ci 180, sauran kaya su ci kamar 50, jimla ta kama wajen 320. Duk da haka ka sayi mai wat 650 ko 750, domin ya bar wa katin gaba wuri, kuma domin na'urar da ba a ƙure ta ba ta fi jure zafi. Ka nemi na sanannun kamfanoni irin Seasonic da Corsair da be quiet!, mai tambarin 80 Plus Bronze ko Gold, kuma in da hali mai bin ƙa'idar ATX 3.1, wanda ke da sabuwar wayar katin hoto mai allura 16. Tambarin 80 Plus ƙarancin ɓarnar wuta kawai yake nunawa, don haka ka duba tsawon garantin da kamfanin ya bayar, shi ne ke nuna yadda ya yarda da kayansa. Wanda aka rubuta masa wat 800 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwani, ka mayar. Kuma kada ka taɓa haɗa wayoyin wani alimantasiyo a jikin wani, ko da sun shiga daidai, domin tsarin allurarsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani ana shiga rabon wuta, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage nauyin. Ɗaukewar wuta tana iya lalata fayil, amma dawowarta da ƙarfi da yawan hawa da saukarta su ne ke kashe kaya. Saboda haka ondiler, wato na'urar batiri da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, yana cikin kayan haɗi. Lambar VA da ke jikinsa ba wat ba ce: mai VA 650 yawanci bai kai wat 400 ba, kuma zai yi kuka ya mutu da zarar wasa ya yi nauyi. Ka nemi mai VA 1500, mai daidaita ƙarfin wuta a cikinsa, kuma mai fitar da tsarkakakkiyar wuta irin ta layi, wadda ake rubuta sinus pur a kwalinsa, domin alimantasiyo na zamani yakan kashe kansa a kan wutar ƙananan ondiler masu arha. Wannan sharaɗi ya hau kan inbatar hasken rana ma. Aikin ondiler shi ne ya ba ka mintunan ajiye wasa ka kashe kwamfuta cikin natsuwa. Batirinsa na darma ne, zafi yana rage masa kwana sosai, don haka ka ajiye shi inda iska ke ratsawa, ka kuma sa ran canza batirin lokaci-lokaci.

Idan ka taɓa akwatin ka ji yana ɗan jan hannu, gidan ba shi da wayar ƙasa, sai ka kira mai gyaran wuta ya kafa ta. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, ka zare filogi daga bango gaba ɗaya. Kayan da suka shigo ta Yola ko Mubi ko Kano sukan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, mu kuwa soket ɗinmu irin na Faransa ne. Ka sayi wayar da ta dace, ka bar 'yan adaftan nan masu sako-sako da ke yin zafi. Kuma kada ka soma sabunta BIOS sai kwamfutar tana kan ondiler mai cikakken caji.

Mataki na bakwai: akwati, zafi da ƙura

Akwati mai gilashi a gaba da fitilu kala-kala yana da kyan gani a shago, amma a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu tanda ne. Ka zaɓi mai raga a gaba, mai matatar ƙura da ake zarewa a wanke, wanda zai ɗauki katin hoto mai tsawon milimita 330 ko fiye, da fankar furosesa mai tsayin milimita 160. Fankoki biyu ko uku su jawo iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya. Idan masu shigarwa sun fi masu fitarwa yawa, iska za ta riƙa fita ta ƙananan ramuka, ƙura kuma ba za ta sami hanyar shiga ba sai ta matata.

Gwaje-gwajen zafi da ake gani a intanet galibi a ɗakuna masu sanyi ake yin su. Idan ɗakinka ya fi nasu zafi da digiri 15, furosesarka ma za ta fi tasu da kusan haka, kuma Ryzen na jerin 7000 yana fara rage gudu idan ya kai digiri 95. Don haka 'yar fankar kwali ta farawa ce kawai. Fanka mai hasumiya, irin Thermalright Peerless Assassin 120 SE mai tsayin milimita 155, ba ta da tsada kuma za ta ɗauki furosesar da za ka saya nan gaba. Na fi son ta a kan mai sanyaya da ruwa, domin fanka idan ta mutu ana samun madadinta a kowace kasuwa, famfon ruwa kuwa sai an yi oda. Kada ka ajiye kwamfutar a ƙasa ko a kan darduma. Da hunturu ka wanke matata kowane mako biyu, ka hure cikin akwatin da abin hura iska kana riƙe da fankoki don kada su yi ta juyawa.

Mataki na takwas: saye, jigila da gwaji

Kafin ka fitar da ko sisi, ka jera kayan a shafin PCPartPicker, zai nuna maka idan wani bai dace da wani ba. Kaya suna zuwa mana ta Duwala da Yawunde, a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan a mota, ko ta Najeriya, ko a hannun 'yan kasuwar Dubai da Sin. Ko ta ina suka zo, garantin kamfani yana da wuyar bi daga nan, don haka yarjejeniyarka da mai shago ita ce abin riƙo: rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya da adadin kwanakin da za ka iya mayarwa. Idan an haɗa maka kwamfutar a kudu za a turo ta, ka ce a cire katin hoto da babbar fanka a sa su a kwalayensu, domin girgizar hanya tana iya tsage ramin da katin yake ciki. Ka kuma faɗi irin allon rubutun da kake so, tun da AZERTY, tsarin Faransanci, shi ya fi yawa a nan, wasanni kuwa da tsarin QWERTY na Turanci ake shirya maɓallansu.

Bayan haɗawa, wayar sikirin a jikin katin hoto ake sa ta, ba a jikin uwar allo ba. Ka shiga saitin Windows ka ɗaga sabunta hoto zuwa 144, domin sau da yawa a kan 60 yake tsayawa. Ka bar manhajar MemTest86 ta gwada RAM, sannan ka yi wasa na awa guda da tsakar rana kana duba zafi da manhajar HWiNFO, duk a cikin kwanakin da aka ba ka na mayarwa.

Mataki na tara: jerin ƙari

Ƙarin farko yawanci SSD na biyu ne, sai RAM idan da 16 ka fara. Katin hoto yana biyo baya, lokacin da ka ga yana aiki kusan ɗari bisa ɗari amma wasa bai kai yadda kake so ba, kuma a lokacin ne sikirin na 1440 yake da ma'ana. Furosesa ce ta ƙarshe, idan ka ga katin yana hutawa wasa kuma yana sarƙewa. A nan ne irin su Ryzen 7 7800X3D ko 9800X3D za su hau mazaunin da ka tanada, bayan ka sabunta BIOS tun tsohuwar tana kai. Ka adana kwalaye da rasit da murfin roba na mazauni da ragowar wayoyin alimantasiyo a wuri ɗaya, domin katin da aka sayar da kwalinsa da rasit ɗinsa ya fi daraja a kasuwa, kuma kuɗinsa ne zai zama kason farko na wanda zai gaje shi.